Tunjere, ciwon da ke ɓuya cikin jini

Wani malamin likita ya zagaya makarantun yaƙi da jahilci na karkarar Gaya. Ya yi ma jama'a jawabi bisa cututtukan da ake ɗauka wajen saduwar namiji da mace. Ga abin da ya ce:

Jama'a, Gaya mararraba ce. Ga Malanbil ƙetaren kogi, ga Kamba ta Nijeriya nan kusa. Ko da aka ruhe gada cikin 2023, mutane ba su bar ƙetarawa da jirgi ba. Inda mutane ke kai da komowa, ciwo ma yana kai da komowa, kuma ba ya tsayawa wajen duwan.

Ciwon sanyi da sida, kowa ya ji labarinsu. Amma tunjere ya hi su wayo. Yana somawa da ɗan miki ga al'aura, wanda ba ya ciwo. Bayan 'yan makwanni mikin ya ɓace da kansa. Mutum ya ce ya warke, alhali ciwon ya shige cikin jini.

Mace mai ciki tana iya ba ɗanta tunjere tun yana ciki. Sai ta yi ɓari, ko ta haihu babu rai, ko jinjirin ya zo da rashin lahiya. Ƙungiyar lahiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cikkuna 700.000 da ciwon ya taɓa cikin shekarar 2022.

Ido ba ya gane shi, sai awon jini. Ɗigo guda daga yatsa ya isa, amsa tana hitowa cikin minti 20. Har akwai awon da ke nuna tunjere da sida gaba ɗaya. Maganin tunjere allurar penisilin ce. Don ta tsare jinjiri, sai an yi ta aƙalla kwana 30 kahin haihuwa. Saboda haka a je awon ciki tun watannin farko. Cikin 2006 gwamnati ta yi dokar a yi awon ciki kyauta.

Ku magidanta, maganar ta shahe ku. In an yi ma mace allura ba a yi ma mijinta ba, zai sake ba ta ciwon. In akwai kishiyoyi, su ma a auna su. Kada a yi zargi: ciwon yana iya daɗewa cikin jini tun kahin aure.

A bar sayen ƙwayoyi hannun 'yan talla. Shan magani barkatai ya sa ciwon sanyi ya soma ƙin jin magani. Matahiyi kuma ya tsare kansa, in ba zai iya ba ya sa kwaroron roba.

Daga ƙarshe malamin ya ce: wanda ya iya karatu ya karanta ma maƙwabcinsa. Rigakahi ya hi magani.