Katsalandan Tsakanin Rediyo da Kwamfuta



Tun daga 1957 da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye, da 1962 da aka buɗe gidan rediyon Kaduna, mutanenmu suka saba da kama murya daga nesa. A nan Zuru ma, ƙasar tuddai da duwatsu, gajeren zango ya daɗe yana kawo wa manomi da ma'aikaci labarin duniya. To amma yau mutum kan kunna akwatinsa ya ji ƙugi ya danne magana, sai ya ɗora laifi a kan iska ko nisan tasha. Abin da nake so in nuna shi ne, galibi mai laifin yana cikin gida.

Waɗanda suka fi sanin wannan matsala su ne masu sha'awar rediyo, watau masu lasin aika magana daga gidajensu. A Nijeriya lambar kiransu tana farawa da 5N, a Nijar kuwa 5U. Da yawansu suna haɗa rediyo da kwamfuta, musamman tun 2017 da aka fito da tsarin FT8, mai tsamo saƙo ko da ya yi raunin da kunne ba zai ji shi ba. Wannan haɗi kan jawo katsalandan iri biyu.

Na farko, kwamfuta ta dami rediyo. Cajarta tana datsa wutar lantarki sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, wannan datsawa kuwa tana haifar da ƙara wadda ke bazuwa cikin gajeren zango, daga megahaz 3 zuwa 30. Wayar cajar sai ta zama eriya, ta watsa ƙarar. Haka inbata da wasu ƙwayayen fitila na zamani suke yi. Na biyu, rediyo ya dami kwamfuta. Idan aka danna aika magana, ƙarfin da ya kamata ya fita ta eriya sai ya biyo bayan waya ya shiga kwamfuta, ta daskare ko ta yanke haɗi.

Ina mafita? Da farko a gano tushe. A sa rediyo a kan batir, a kashe wutar gida baki ɗaya. In ƙugi ya ɗauke, a riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya har ya dawo. Wanda ya dawo da shi, shi ne mai laifi. Daga nan a nisanta eriya daga ɗakin kwamfuta, a gajarta wayar da ta haɗa su, a naɗa ta sau da yawa cikin zoben farait, watau irin ƙullutun nan da ake gani kusa da bakin wasu wayoyin caja. A kuma haɗa jikin rediyo da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa. In har yanzu kwamfuta tana daskarewa, a rage ƙarfin aikawa.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan shiga. Tsagar a nan ita ce waya. Wanda ya san haka ba zai jefar da akwati mai lafiya ba, ba kuwa zai hana maƙwabcinsa jin labari da cajarsa ba.