Wa Zai Shaidi Buhun Wake? Fasahar Bulokcen da Amanar Kasuwa a Ƙasar Daura

 

A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an samu sinadarin dichlorvos, wanda muka sani a fiya-fiya, fiye da ƙima. Ba kowa ne ya zuba wa wakensa guba ba. Amma da zarar buhu ya bar kasuwar Mai'aduwa, ya bi ta hannun dillali, ya kwana a sito a Dawanau aka cakuɗa shi da na wasu, to asalinsa ya ɓace. Wake ɗaya ya ɓata gari, hukunci ya hau kan kowa.

Wannan matsala ce ake fatan bulokcen ya magance. Kundi ne na kwamfuta wanda ba ya hannun mutum ɗaya: manomi, dillali, direba, jami'in kwastan da mai saye, kowa na da kwafinsa. Kowane sabon shafi yana ɗauke da hatimin wanda ya gabace shi, don haka duk wanda ya goge wani abu a baya, sauran kwafin za su tona masa asiri. Da kamfanin Walmart na Amurka ya gwada shi tare da IBM, gano gonar da mangwaro ya fito ya ragu daga kusan kwana 7 zuwa daƙiƙa 2.2. Idan kaya suka lalace, mai laifi kaɗai za a kama.

Sai dai, jama'a, kundin nan abin da aka rubuta yake tsarewa, ba ya tantance gaskiyarsa. Idan aka zuba wa riɗi yashi aka rubuta mai kyau ne, ƙaryar ce za ta samu hatimi. Kuma ba ya tafiya sai kowa ya yarda ya shigo. Kamfanonin Maersk da IBM sun kafa irin wannan kundi mai suna TradeLens a 2018 domin kayan jiragen ruwa, suka sanar da rufe shi a ƙarshen 2022, saboda bai samu haɗin kan sauran kamfanoni yadda ake bukata ba.

Saboda haka aikinmu a bakin sikeli zai fara. A yi wa manoma rajista ta ƙungiyoyinsu, kowane buhu ya samu lamba, a auna shi gaban shaidun da sarkin kasuwa ya aminta da su, a rubuta maganin da aka sa masa da ranar da aka sa. A tsara komai da Hausa, yadda ƙaramar waya za ta ɗauka.

Kuma muna da damar farawa: Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan bulokcen a watan Mayu na 2023. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ta Daura ya biyo. A Daura muna da Jami'ar Sufuri da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Ina kira ga makarantun nan biyu da su zaɓi amfanin gona guda da kasuwa guda, su gwada na damina ɗaya. Ma'aunin nasara shi ne ko manomi mai tsabtataccen kaya ya samu ƙarin farashi. In bai samu ba, ba zai sake ba da sunansa ba.

Allah Ya albarkaci nomanmu da kasuwancinmu.