Wanne Za A Fara Da Shi? Jawabi Kan Jera Dabarun Dabon Karta



Mu da muke sha'awar dabon karta, watau rufa-ido na saurin hannu da lissafi, wanda ba ruwansa da caca ko tsafi, mukan ɓata watanni muna koyon dabaru ɗai-ɗai. Amma da wuya mu zauna mu tambayi kanmu wanne zai zo gaba, wanne zai biyo baya. Alhali nan ne asirin ɗan dabo yake rufuwa ko ya tonu.

Dalili na farko yana cikin kartar kanta. Waɗansu dabaru sai an shirya katunan nan 52 tun daga gida. Akwai shirin da ake kira da sunan Si Stebbins, wani ɗan dabo na Amurka, inda kowane kati ya ɗara na gabansa da uku: 3, 6, 9, haka har ƙarshe. Wanda ya leƙi katin ƙasa ya san na sama. Ko an yanka kartar, an ɗora rabin ƙasa bisa na sama, shirin yana nan daram. Amma da zarar an miƙa wa ɗan kallo ya cakuɗa, an gama. A 1992 masana lissafi Bayer da Diaconis suka nuna cewa cakuɗawa wajen sau bakwai, irin ta saƙa rabi cikin rabi, ta isa ta hargitsa karta sosai. Saboda haka dabarar da ke bukatar shiri ita ce ta fari, ko kuwa a gabatar da waɗanda ba sa taɓa shirin, sannan a kawo ta.

To, sai dai 'yan kallo ba wawaye ba ne, balle ɗaliban jami'a. Da mun buɗe da shiryayyiyar karta, wani zai raya a ransa, "Ai jera ta ya yi." Nan take, kafin zargin ya yi jijiya, sai mu miƙa masa kartar ya cakuɗa son ransa, mu yi dabarar saurin hannu. Yanzu zai koma zargin yatsunmu. Madalla! Ta uku sai ta zama wadda ba ma ko taɓa kartar. Kowace dabara tana kashe zargin da ta gabanta ta haifar, har mai kallo ya rasa madafa.

A ganinmu, ba abin rufe wasa kamar dabarar da Paul Curry ya fitar a 1942. Ɗan kallo ne ke raba katuna a kife, bisa zato kawai, a buɗe a tarar ja sun ware daga baƙi. Wahalarta ita ce tana son karta a ware tun farko, ga shi kuwa an riga an cakuɗa. Gwanaye sukan ware launukan a fakaice tsakiyar wasa, suna yi kamar neman katin wani, ko su musanya kartar a aljihu lokacin da ake tafi. Kada a ƙara kome bayanta, ko da an roƙa.