AMSOSHIN WASIƘUNKU: Yaya Kwamfuta Ke Ƙirga Ƙofofi Da Tagogi Daga Zanen Gini?

 

Wasiƙar yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi a jihar Jigawa. Ya ce Allah Ya hore masa, yana son gina jerin shaguna a bakin kasuwar garinsu. Ya kai wa mai zanen gini aiki, aka zana a kwamfuta, nan take kuma aka miƙo masa takarda mai ɗauke da adadin ƙofofi da tagogi, da girmansu, da kuɗinsu. Shi ne yake tambaya, yaya aka yi na'ura ta ƙirga wannan cikin ƙiftawar ido, kuma ko zai iya dogara da takardar ya saki kuɗinsa?

To Alhaji, madalla da wannan tambaya. Amsa a taƙaice ita ce, na'urar ba ta ganin ƙofa kamar yadda ni da kai muke gani. Abin da mai zane ya rubuta mata, shi take tattarawa. Bari mu bi abin daki-daki.

Manhajar da ta fi shahara wajen irin wannan aiki ita ce AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk na ƙasar Amurka ya fara fitarwa a shekarar 1982. Amma dabarar da muke magana a kai ta girme ta. Tun a 1963 wani ɗalibi mai suna Ivan Sutherland, a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, ya nuna cewa ana iya zana abu sau ɗaya a kwamfuta, a yi ta maimaita shi, in an gyara na asali sauran duk su gyaru.

Wato mai zane ba ya zana ƙofa sau goma sha biyu. Sau ɗaya zai zana, ya haɗe layukanta su zama abu guda, ya raɗa mata suna, ya ajiye. Masu sana'ar suna kiran wannan "bulok", amma fa ba bulon siminti ba ne. Mu a nan sai mu kira shi hatimi, don kuwa kamar hatimin ofishin hakimi yake: sassaƙa ɗaya, bugu ɗari. Duk inda ake son ƙofa a cikin zanen, sai a buga hatimin a wurin.

Saura shaida. Alhaji, kai ka fi mu sanin yadda ake yi wa buhu shaida kafin a ɗora shi a mota zuwa Dawanau: sunan mai kaya, gero ne ko dawa, da inda za a sauke. To haka ake yi wa hatimin nan. Mai zane zai yi masa gurabe na rubutu: gurbin lamba, gurbin faɗi, gurbin tsawo, gurbin irin kaya, wani lokaci har da gurbin farashi. Duk sa'ad da ya buga hatimin, na'ura za ta tambaye shi, shi kuma ya cike: lamba K1, faɗi milimita 1200, tsawo 2100, ƙarfe. Ana iya bayyana wannan rubutu a kan zanen, ana kuma iya ɓoye shi don kada takarda ta cunkushe. Ko a ɓoye yake, na'ura tana riƙe da shi.

Idan zane ya kammala, sai mai zane ya umurci na'ura ta bi hatiman nan ɗaya bayan ɗaya, ta kwashe shaidar kowanne. A da, ana yin haka da wani umurni mai suna ATTEXT, sai mutum ya fara rubuta wata 'yar takardar tsari da ke gaya wa na'ura guraben da za ta ɗauko. A 2007 aka zo da sabon umurni, DATAEXTRACTION, mai bin mutum da tambayoyi: daga wane zane? Waɗanne hatimai? Waɗanne gurabe? Daga nan sai ta haɗe masu kama ɗaya a layi guda, ta rubuta adadinsu a gefe. Tana iya ninka adadi da farashi, ta buga jimla a ƙasa. Jadawalin da ya fito ana iya dasa shi a cikin zanen, ko a tura shi manhajar lissafi ta Excel.

A misali, a ce shagunanka 12 ne, da ɗan ofis da ban-ɗaki biyu. Sai ka ga layin farko: K1, ƙofar ƙarfe, guda 12. Na biyu: K2, ƙofar katako, guda 3. Na uku: T1, taga, guda 13. Aikin da zai ci wa mutum wuni da fensiri, ga shi an gama kafin shayi ya huce.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar. Na'ura ba ta kuskuren ƙidaya, amma ba ta san ƙarya da gaskiya ba. Ku saurari hanyoyi biyar da jadawali ke kaucewa.

Na ɗaya, in mai zane ya yi gaggawa ya zana wata ƙofa da layuka kawai, bai buga hatimi ba, ido zai ga ƙofa, na'ura kuwa ba za ta ƙirga ta ba. Haka nan in ya farfasa hatimi don ya yi masa gyara, shaidar da ya cike ta tafi ke nan.

Na biyu, in hannu ya zame aka buga hatimi sau biyu a wuri ɗaya, ɗaya bisa ɗaya, ido zai ga ƙofa guda, na'ura ta ce biyu. Ka biya kuɗin ƙofa 13, alhali gurbi 12 gare ka.

Na uku, samfurin ƙofa da taga da akan ajiye a gefen zane don bayani, shi ma hatimi ne. In ba a cire shi daga lissafi ba, zai shiga.

Na huɗu, in aka kwafi ƙofar shago aka kai ban-ɗaki ba a sauya shaidarta ba, sai ka sayi ƙarfe inda katako ya isa.

Na biyar, jadawalin da aka buga a takarda ba ya bin zane. In ka koma bayan mako ka ce a ƙara shago biyu, sai an sabunta jadawalin an sake bugawa. Farashin da ke ciki ma na ranar da aka rubuta shi ne, kasuwa kuwa ba ta jiran kowa.

Saboda haka Alhaji, kafin ka kai wa mai walda kuɗin kafin alƙalami, ka yi abu uku. Ka nemi a buga maka zanen da lambar kowace ƙofa da taga a bayyane. Ka zauna da maginin da ka amince da shi, ku bi ɗaki-ɗaki da biro kuna sa alama, ku ga ko ƙidayarku ta zo ɗaya da ta jadawali. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Sa'an nan ka duba kwanan watan zane da na jadawali, su kasance ɗaya. Ka kuma sani, siminti da yashi da rodi ba hatimai ba ne. Su awo ake yi musu, wannan kuwa aikin masanin ƙiyasin kayan gini ne.

'Yan'uwa manoma, ku ma abin ya shafe ku. In ƙungiyarku ta sa aka zana mata tsarin noman rani ko gonar itatuwa, da wannan dabarar ake fitar da adadin injinan ban-ruwa, da kawunan famfo, da dashen mangwaro. In fili ake yankawa, kowane fuloti yana iya zama da lambarsa da girmansa a jadawali. Ku karanta, ku gwada da zane, kafin shugaba ya sa hannu. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Gyaran lamba a kwamfuta minti ɗaya ne, amma ƙofar da aka riga aka yi wa walda ba ta komawa.

Muna fatan mai tambaya ya gamsu, Allah Ya sa a gama ginin lafiya, Ya kawo kasuwa mai albarka. Ku ci gaba da aiko mana da wasiƙunku. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.