Adhyatma Ramayana: Littafin da Ya Ɓoye Sita a Cikin Wuta



Duk wanda ya yi zamanin kallon finafinan Indiya a silimun Kano ko Kaduna ya sha jin sunan Ram da Sita. Tushen labarinsu Ramayana ne, doguwar waƙa da harshen Sanskirit da ake jinginawa ga Walmiki, mai baiti kusan 24,000 a littattafai bakwai. Ram ɗan Sarkin Ayodhya ne. Makircin kishiyar uwarsa, Kaikeyi, ya tura shi daji shekara 14. Rawana, Sarkin Lanka, ya sace matarsa Sita, shi kuma ya tara rundunar birai ya ƙwato ta. Laccar yau kuwa kan wani ƙaramin littafi ne da ba a cika sanin sa a wajen Indiya ba, Adhyatma Ramayana, mai baiti ɗan sama da 4,000. Al'ada na ɗaukar sa wani yanki na Brahmanda Purana, masu bincike kuma galibi suna sanya rubuta shi tsakanin ƙarni na 13 da na 15.

Labarin bai canza ba, amma mutanen cikinsa sun canza. Ram na Walmiki yana kuka da gaske, yana fushi, yana ɗaukar kansa ɗan Adam. Da zamani ya ja, sai tafarkin bhakti, wato bauta ta hanyar ƙauna, ya mamaye Indiya, mabiyansa suka riƙi Ram a matsayin abin bautarsu Wishnu da kansa. Nan tsohuwar waƙar ta fara tsaya musu a wuya. Yaya za a yi aljani irin Rawana ya sa hannu a jikin matar abin bauta? Me ya sa wanda suka yi imani ya san komai zai sa ta shiga wuta don a tabbatar da tsarkinta?

Amsar littafin ita ce ta fi kowane abu cikinsa shahara. Kafin Rawana ya iso, Ram ya gaya wa Sita abin da ke tafe, ya ce ta ɓuya a cikin wuta tsawon shekara guda, ta bar inuwarta a bukka. Inuwar ce aka sace, ita ta yi zaman ɗaurin Lanka. Ranar da aka hura wutar gwaji bayan yaƙi, inuwa ta shiga, Sita ta gaskiya ta fito. Akwai ɓurɓushin wannan dabara tun a Kurma Purana, amma a nan ne ta zama ginshiƙi.

Haka aka bi sauran wuraren da ke damun mai bauta ɗaya bayan ɗaya. Kaikeyi ba muguwa ba ce, alloli ne suka aiko allahiya Saraswati ta juya harshenta da na baiwarta Manthara. Rawana ya san wanda yake tsokana, ya zaɓi gaba da gangan don ya mutu a hannun Ram ya sami tsira, kuma da ya faɗi sai wani haske ya fita daga jikinsa ya shige Ram. Duk wannan wani abin bautarsu, Shiwa, ne ke ba matarsa Parwati labarinsa, ana tafe ana tsayawa don kirari da darasin falsafar Adwaita, wadda ke cewa ruhin mutum da haƙiƙar da ke bayan komai abu guda ne. Mafi shahara cikin darussan shi ne Rama Gita, inda Ram ke karantar da ƙaninsa Lakshman.

Tasirin Adhyatma Ramayana ya fi sunansa nisa. Tulsidas, wanda ya fara Ramcharitmanas da harshen Awadhi a 1574, ya ɗauki Sitar inuwa, kuma littafinsa na cikin manyan madogaran shirin talabijin Ramayan na Ramanand Sagar da ya riƙa kwashe mutane daga tituna a 1987 da 1988. A Kerala, Thunchath Ezhuthachan ya sake rera Adhyatma Ramayana da harshen Malayalam wajen ƙarni na 16, ya sa labarin a bakin aku. Har yau a watan Karkidakam, tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, lokacin da damina ke tsananta, iyalai kan kunna fitila da yamma su karanta shi daga farko har ƙarshe cikin watan. Wanda ya tashi a gidan da ake karatun Ishiriniyya a watan Maulidi zai gane yanayin zaman, ko da aƙidun sun yi hannun riga.

Sai dai gyaran ya ci wani abu mai tsada, kuma Sita ce ta biya. A wajen Walmiki, mace ce da ta jure watanni a tsare, ta ƙi Rawana da bakinta, sannan ta mayar wa mijinta martani mai zafi ranar da ya yi mata zargi a bainar jama'a. Idan inuwa ce ta sha duk wannan, to jarumtar ta wace ce? Ko korar da aka yi mata da tsohon ciki saboda tsegumin gari, littafin ya mai da ita shiri tsakanin miji da mata. An wanke Ram tas, amma matar da aka zalunta ta rasa damar kai ƙara.

Ba kowa ya karɓi wannan ba. A ƙarni na 16, a yankin Kishoreganj na Bangladesh ta yau, wata mawaƙiya mai suna Chandrabati ta tsara nata Ramayana da harshen Bengali. Ta taƙaita yaƙi, ta ba Sita baki ta lissafa wahalarta wata bayan wata, kuma matan ƙauyukan yankin ne suka adana waƙar da baki, suna rera ta a bukukuwan aure.