Allon Ƙofar Lauya: Me Doka Ta Yarda Ya Rubuta?

Jawabin da ɗaya daga cikin lauyoyin ƙungiya ya gabatar a taron shekara



A bara wani ɗan garinmu mazaunin birni ya zo ofishina a cikin damuwa. Wani ɗan kamasho ne ya tare shi a bakin kotu, ya kai shi wurin lauyan da ya ce masa bai taɓa faɗuwa shari'a ba. Ya biya kuɗi, ga shi gonar gadonsu ta tafi. Wannan ne ya sa na zaɓi yin magana a kan tallar lauya.

A da, kusan an hana lauya talla baki ɗaya a Nijeriya. Ƙa'idojin Aikin Lauya na shekarar 2007 suka sassauta, kuma na 2023 da suka maye gurbinsu sun bi wannan layi. Lauya na iya rubuta sunansa da adireshinsa da digirorinsa da lambar girma ta ƙasa a katinsa ko takardar ofishinsa. Yana kuma iya kafa allo madaidaici, marar ƙawa, a ƙofar ofis.

Amma akwai iyaka. Ba a yarda ya faɗi abin da zai ruɗi jama'a ba. Ba a yarda ya kwatanta kansa da wasu lauyoyi ko ya kushe su ba, ko ya yi alfahari da yawan shari'un da ya ci. Haka nan an hana shi neman aiki ta hannun 'yan kamasho. Dalili shi ne, alƙali ke yanke hukunci, ba lauya ba, kuma Hausawa sun ce yabon kai jahilci.

Muƙamin Babban Lauyan Nijeriya, wato SAN, wanda aka fara bayarwa a 1975, ba wanda ke naɗa wa kansa shi. Lauyan gaskiya kuma sunansa na cikin rajistar Kotun Ƙoli. Wanda ya karya ƙa'ida, Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi na iya dakatar da shi ko ya soke sunansa.

Saboda haka, 'yan uwa, kada mu yi cinikin biri a sama. Mu tambayi shekarar da aka rantsar da lauya da reshen Ƙungiyar Lauyoyi da yake ciki. Duk wanda ya yi mana alkawarin nasara tun kafin a shiga kotu, mu tattara takardunmu mu fita.