Tsohon Akwati, Sabuwar Murya



Abin da ya tsayar da mu a gabanku yau shi ne batun wani tsohon akwatin kiɗa, da yadda za a mayar masa da muryarsa har ya riƙa karɓar sauti daga wayar hannu ba tare da an haɗa su da igiya ba. Wataƙila wani ya ce wannan wasan yara ne. Muna roƙon ya ba mu aron kunnensa, domin a cikin aikin akwai hatsarin da kan kai ga rasa rai, akwai kuma darasi ga duk mai neman ilmi.

Akwatin da muke nufi shi ne wanda Amurkawa ke kira jukubos, watau garmaho mai cin kwabo, wanda sai an jefa masa kuɗi kafin ya juya faifai. A shekarar 1889 aka fara kafa irinsa a birnin San Faransisko. Wanda ya fi shahara shi ne Wurlitzer 1015, na shekarar 1946, mai ɗaukar faifai 24, wanda aka ƙera fiye da 56,000. Bayan kamfanin RCA Victor ya fito da ƙaramin faifai mai juyi 45 a minti ɗaya, a 1949, sai akwatunan da suka biyo baya suka koma kansa. Mu a nan ba mu gaji jukubos da yawa ba, amma mun gaji 'yan'uwansa, watau manyan rediyo masu garmaho da akwatunan lasifika da ke jibge a zaurukan iyayenmu. Abin da za mu faɗa ya shafe su duka.

Me ya sa ba za a gyara injin faifan kawai ba? Dalili shi ne, akwatin da aka ƙera don Amurka wutar bolt 120 yake sha, mai zagaye 60 a sakan ɗaya, alhali tamu bolt 230 ce, mai zagaye 50. Taransifoma tana rage ƙarfin wuta, amma ba ta canza zagayenta, saboda haka faifan da ya kamata ya yi juyi 45 sai ya yi 37 da rabi, muryar mawaƙi ta yi nauyi kamar mai jin barci. Amma katakon akwatin da babbar lasifikarsa, sau da yawa ƙalau suke.

A nan Bluetooth ya shigo. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikinsa a 1994, aka kuma raɗa masa sunan wani sarkin Danmak na ƙarni na 10, watau Harald. Yana aika sauti ta iska, kuma nisansa a cikin gida kimanin mita 10 ne.

Hanyar da muke ba da shawara a bi ita ce a sayi ɗan allon amfilifaya na zamani mai Bluetooth a jikinsa, irin mai shan bolt 12 zuwa 24, a haɗa shi da tsohuwar lasifika, a bar tsohuwar amfilifaya a mazauninta. Amma kafin a ɗauki sukudireba, akwai sharuɗɗa huɗu.

Na farko, rai. Tsohuwar amfilifaya mai bawul tana da kafasita masu riƙe ɗaruruwan bolt ko da an zare ta daga bango. Wanda bai iya sauke wannan wuta ba, ya kai wa gwanin gyara. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Na biyu, a gwada lasifikar. In aka taɓa bakinta biyu da batirin tocila mai bolt 1.5, mai lafiya za ta yi ƙas, takardarta ta motsa. A lura kuma, lasifikoki da yawa na shekarun 1930 da 1940 ba su da maganaɗisu na dindindin. Sai an ba su wuta ta daban kafin su yi magana.

Na uku, a karanta lambar om da ke bayanta, ko 4 ce, ko 8, ko 16. Mu kanmu mun sha kunya a nan. Mun haɗa lasifika biyu masu om 4 baki da baki, suka koma om 2, allon ya ɗauki zafi ya mutu, kuɗin abincinmu na mako guda ya bi shi.

Na huɗu, tsofaffin akwatunan hanyar sauti ɗaya gare su, waya kuwa biyu take aikowa, dama da hagu. Kada a murɗe wayoyin fitar amfilifaya wuri ɗaya. A umarci wayar hannu ta gama sautin tun daga can.

Bayan waɗannan, ga dokar da muka ɗora wa kanmu: kada a yanke abin da ba za a iya mayarwa ba. A kwance waya a manna mata alama, kada a huda fuskar katako, domin wanda zai zo bayanmu ya iya mayar da akwatin yadda maƙerinsa ya yi shi.

'Yan'uwa, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. In mu da al'umma ta kashe wa kuɗi muka fita da takardar shaida, amma ba mu iya ta da lasifika ɗaya ba, sai saye da zubarwa, to me muka ƙaru da shi? Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Idan aka yi hutu, kowa ya leƙa ɗakin ajiyar gidansu kafin ya leƙa kasuwa.